Mutum-mutumi Mai Gyaɗa a Aljihu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga hatimi a gidan waya. Ranar da ya ajiye aiki ya tattara abu uku ya bi matarsa ƙauye: madubin hangen nesa da abokan aiki suka ba shi na sallama, da littafin tsuntsaye wanda bangonsa ya ɓace, da bakinsa. Bakin ne ya riga sauran sabawa da wurin. Kafin ya cika wata guda ya koya wa maƙeri hura wuta, ya gyara wa Mai Kaji lissafin kwanakin ƙyanƙyasa, ya kuma shaida wa wani tsoho da aka haifa a bakin rafi cewa rafin ba ta nan ya kamata ya bi ba. Daga nan aka laƙaba masa Masani. Ya ɗauka girmamawa ce, yana amsawa har da gyara zama.

Gidan na marigayiya surukarsa ne, shi ne na ƙarshe a layin. Bayan gidan lambu, bayan lambun rafi, bayan rafin tudun duwatsu inda birai ke zaune. Lambuna bakwai ne jere a bakin ruwan, kowanne da mutum-mutuminsa, kuma Tela ne ya haɗa duka bakwai ɗin daga dila ɗaya ta tsofaffin kwat masu ruwan toka: kwat mai manyan aljihu biyu, malafa, da hannuwa a shanye a kan sanda. Shekaru suka yi suna aikinsu ba tare da sun ce wa kowa uffan ba. Tsuntsu ba ya matsowa kusa da su, biri ba ya haye rafi.

A lambun akwai komi ɗaya da matar Masani ta fi ji da shi. Tumatir ne na mahaifiyarta, ƙanana masu tsaga-tsaga, waɗanda sanyi ba ya ƙona furensu. A bara ɓera ya shiga tulun iri ya yi ta'asa, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, na yayanta da ke lambun kusa kuma tsutsa ta cinye. Tsiro goma sha huɗu suka rayu. Ta ƙi tsinkar ko ɗaya, ta bar su su nuna tuɓus don ta cire iri, ta lulluɓe komin da tsohon gidan sauro ta danne gefensa da duwatsu.

Ta ce masa, “Malam, lambun nan duka naka ne. Ka shuka abin da ka ga dama, ko takalmi ne. Komin nan kaɗai kada ka taɓa. In ya tafi, irin Inna ya ƙare a duniya.”

Ya ce, “Haba, ni kike faɗa wa darajar iri? Shafi huɗu na karanta a kansa.”

Sanyi ya kama sosai a shekarar, irin wanda ke sa ruwan bokiti ya ciji yatsa da safe. Mutane sukan taru a bencin ƙofar shagon Tela suna shan hantsi, kuma a nan Masani ya bayyana shirinsa. Zai rubuta kundin dukkan namun dajin da ke kewaye da gidan, da tsuntsu da mai ƙafa huɗu, kundin da sai an zo daga birni an roƙe shi a gani.

Bayan mako uku Tela ya nemi a nuna masa kundin. Da aka miƙa masa ya buɗe, ya karanta da ƙarfi don kowa ya amfana.

“Litinin, hankaka ɗaya. Laraba, hankaka ɗaya, mai yiwuwa na ranar Litinin ne. Asabar, wata tsuntsuwa ja mai ƙiba, tana tafiya a ƙasa, ba ta tsoron mutum.” Ya ɗago kai. “Mai Kaji, ashe kazarki ta shiga littafi.”

Mai Kaji ta ce, “To a rubuta cewa tana da mai ita.”

Masani ya karɓe kundinsa. Ya ce laifin mutanen garin ne, sun cika jifa, sun lalata tarbiyyar dajin. Shi kuwa ya lura da wani abu da ba wanda ya taɓa lura da shi: in ya fito, tsuntsu na tashi tun yana taku ɗari, amma mutum-mutumi sai an zo taku goma ake jin tsoronsa. Saboda haka mai son ganin dabba kusa, dole ya zama mutum-mutumi.

Yaya, wato yayan matarsa, mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Ya dube shi ya ce, “Ai ka kusa.”

Washegari da sassafe Masani ya tuɓe wa mutum-mutumin gidansu kwat da malafa, ya kwantar da gangar jikin a bayan bishiya, ya saka kayan, ya rataya madubi a wuya, ya tsaya a gurbinsa hannuwa a shanye. Raɓa ta jiƙa masa ƙafafu. Hancinsa ya fara zuba, ba halin sharewa. Karen Mai Kaji ya zo ya shinshina shi, ya yi nazari, ya ɗaga ƙafa ya yi abin da ya saba yi wa wancan. Da hantsi matarsa ta fito da wanki, ta dube shi sama da ƙasa, ta shanya masa jiƙaƙƙen tawul a hannun dama, zane a na hagu.

Ya ce ta gefen baki, “Ni ne fa.”

“Na sani. Wancan hannunsa ya fi naka miƙewa, amma za a yi maneji.”

Kwana uku yana wannan tsayuwa. Abin da ya samu mura ce, da atishawar da ta kori wata kurciya da ta fara tunanin sauka. A rana ta huɗu sai dabara ta zo masa, kuma a nan ne masifar ta soma, domin dabarar ta yi aiki. Ya cika aljihun kwat da gyaɗa, ya zuba tsakin masara a kan gefen malafa, ya koma ya tsaya.

Ƙananan tsuntsaye suka fara zuwa, ɗaya, uku, goma. Suka sauka a kan malafar suna tsattsaga, yana jin ƙarar bakinsu a ƙoƙon kansa. Kurciyoyi suka biyo baya. Kafin mako ya zagayo zabin daji na kiwo a gindin ƙafarsa, wani kurege kuma ya shiga aljihunsa na hagu har wutsiya, ya fito kumatu a cike. Madubin hangen nesa bai yi amfani ba, don abin kallon yana zaune a kafaɗarsa yana yi masa kashi a wuya, amma bai cire shi ba.

A benci kuwa ba a ƙara jin muryar kowa ba sai ta Masani.

“Kun shekara nawa a nan? Wa kurege ya taɓa shiga aljihunsa? Ku da daji sai gaba, sai dutse, sai ihu. Ni cikin kwana goma na yi sulhun da kakanninku suka kasa.”

Yaya ya ce, “Malam, kwat ɗin nan iri ɗaya ne da na lambuna.”

“To, sai me?”

“Shi ke nan. Iri ɗaya ne.”

Masani ya juya ga sauran ya yi dariya. “Kun ji fa. Ina maganar ilimin halittu, Yaya na maganar ɗinki.”

Mai Kaji ce ta fara kawo ƙara. Ta ce tsuntsaye sun haukace, sai su taru a kan malafar mutum-mutuminta kamar ana rabon wani abu, in ba su samu komai ba su sauka kan latas. Maƙeri ya ce kurege ya farke aljihun nasa mutum-mutumin duka biyu, ya huce haushi a kan karas. Wata safiya aka ga zabin daji goma sha biyu sun kewaye mutum-mutumin Yaya suna jira cikin ladabi, da suka gaji da jira suka tone masa komin alayyafo. Kowa ya zo shagon Tela da fushi, wai aikinsa ya lalace.

Tela ya ce, “Ni kwat na ɗinka, ban ɗinka wa tsuntsu hankali ba. Ku tambayi wanda ya mayar da kwat ɗin kanti.”

Masani ya ce wannan ɗan lokacin sabo ne, yana cikin littafi. Da aka nemi ya nuna shafin, ya ce yana cikin ɓangaren da ya ɓace tare da bango.

Sai birai suka ji labari. Wani tsohon biri mai yagaggen kunne ne ya fara hayowa. Ya zauna a kan dutse yana kallon kurege na shiga aljihu yana fita, ya sosa ciki, ya sauko ya zura hannu shi ma. Masani ya daskare, rabi don tsoro, rabi don daɗi. A ranar ya cika shafi uku, ya raɗa wa birin suna Dattijo, ya ce ya ga alamar fahimta a idonsa.

Matarsa ta ce, “Na ga sawun biri kusa da komina.”

“Ai shi ya sa nake ciyar da su. Ƙosasshen biri ba ya sata.”

“Ka taɓa ganin ƙosasshen biri?”

“Ke matsalarki ba kya karatu.”

Tumatirin sun yi ja, saura kwana uku ko huɗu ta tsinke. Amma 'yarsu da ke birni ba ta da lafiya, dole ta je ta kwana biyu. Ta ƙara duwatsu a gefen gidan sauron, ta ce wa Yaya ya riƙa leƙawa, ta ce wa mijinta ya ajiye kwat ɗin har ta dawo. Ya ce to, da irin muryar da yake ce wa mutane wasiƙarsu na hanya.

Motarta ba ta gama ɓacewa ba ya isa benci ya sanar cewa jibi da hantsi zai nuna wa gari abin da ba a taɓa gani ba: biri zai ci a hannun mutum. Kowa ya zo, ya zo da idonsa.

Suka zo kuwa, domin mutanen da aka cinye wa latas suna da haƙƙin kallo. Masani ya ce ba zai yiwu birai su ga taro su sauko ba, sai an yi wa 'yan kallo labule. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan gidan sauro. Ya kwashe duwatsun, ya yaye shi, ya ɗaura tsakanin bishiya biyu. Tumatir suka bayyana jajir a cikin hantsi, ana hango su daga kan tudu.

Yaya ya ce, “Mayar da shi.”

“Rabin awa ne, Yaya. Ina tsaye a nan da kaina. Wa zai taɓa komi ina tsaye?”

Yaya ya nufi labulen zai kwance, Mai Kaji ta riƙe masa riga ta ce ya bari mana a gani, mutum goma sha biyar na zaune, ai ko zaki ne a kore shi. Yaya ya zauna, amma ya tara duwatsu a gabansa.

Saura abu ɗaya. Masani ya ce hannuwansa kan gaji su sauko, motsin kuma na firgita baƙi, saboda haka Tela ya ɗaure masa su a jikin sandar mutum-mutumin, ya kuma ɗaure ƙugunsa a jikin turkensa.

Tela ya ce, “Ɗaurin wasa ko na gaske?”

“Na gaske. Ni ba na aikin wasa.”

Tela ya ɗaure shi ɗaurin da ake yi wa dila. Aka cika aljihu da gyaɗa, aka zuba masara a malafa, kowa ya koma bayan labule ya tsuguna.

Dattijo ya iso a kan lokaci. Ya zura hannu a aljihun dama, ya ci, ya zubar da ɓawo a kan takalmin Masani. Bayan labule wani ya ce “kai!” a hankali, kuma Masani ya ji, ƙirjinsa ya cika. Abin da bai gani ba, don malafa ta rufe masa gefe, shi ne Dattijo bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato dangi. Suna hayo rafi ɗaya bayan ɗaya, uwaye da 'ya'ya a ciki, matasa, da wasu ƙattai biyu da ba su yi kama da masu fahimta ba. Tela ya ƙirga talatin da ɗaya ya daina.

Gyaɗar aljihu biyu ba ta kai minti ɗaya ba. Wani ya hau kafaɗarsa ya cire malafa ya zazzage. Wani ya zare madubin daga wuyansa ya leƙa ta baya. Wata uwa ta buɗe masa baki da yatsa ta duba ko ya ɓoye saura a ciki. Da suka tabbatar kantin ya ƙare, sai Dattijo ya juya ya ga komi.

Masani ya manta da ilimin halittu. “Kai! Kai! Ku bar nan! Dattijo, kada ka ba ni kunya!”

Ko waiwaye ba su yi ba. Wata guda ya ɓata yana koya musu cewa mai kwat ɗin toka ba ya cutar da kowa, kuma ɗalibai ne masu riƙe karatu.

Yaya ya tashi da duwatsunsa, sauran suka biyo shi da ihu. Sai garken ya rabu. Rabi suka tsaya kan tumatir, rabi suka bi bakin rafi, inda wasu masu kwat ɗin toka shida ke tsaye da aljihu. Mai Kaji ta hango uku a kan mutum-mutuminta, ta ƙwalla ƙara ta zura da gudu. Maƙeri ya bi nasa. Cikin ƙiftawar ido kowa ya tuna yana da lambu. Aka bar Yaya shi kaɗai yana jifa, in ya kori biyar ta gabas, bakwai su shigo ta yamma, har dutsensa ɗaya ya sami Masani a gwiwa.

“Yaya, kwance ni!”

“Hannuna biyu ne.”

Da ƙura ta lafa, komin ya zama kamar wurin da aka yi dambe. Tsiro goma sha huɗu a kwance, ba ja ko ɗaya, har ɗanyun an gatsa an yar. Birai suka koma tudu a natse, Dattijo a baya, malafa a hannunsa.

Mutane suka dawo ɗaya-ɗaya, kowa da lissafin ɓarnarsa a fuska, suka tsaya kewaye da turken. Ba wanda ya yi tayin kwance shi. Tela ya ce ɗaurin na gaske ne, sai ya je shago ya ɗauko almakashi, kuma ya zauna.

A haka matar Masani ta same su, don 'yar ta ji sauƙi ta sallame ta da wuri. Ta ajiye jakarta. Ta dubi gidan sauro a rataye tsakanin bishiyu, ta dubi komin. Ta tsuguna ta ɗaga tsiro ɗaya, ta juya shi, ta mayar ta kwantar a hankali.

Masani ya ce, “Uwar yara, in aka duba abin ta wata fuskar...”

“Malam, rufe bakinka, ƙuda na shiga.”

Ta juya ga yayanta. “Ba ko ɗaya?”

Yaya ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo a shekarar. Ya ce 'ya'yan tumatir ba sa narkewa a cikin biri. Yadda suka shiga haka suke fita. In an bi su gobe zuwa jibi aka kwaso abin da suka ajiye, aka wanke a rariya, aka shanya, ana iya samun wani abu.

Ta miƙe ta karkaɗe zanenta. “Tela, kwance shi. Yana da aiki.”

Kwana uku Masani ya yi a kan tudun da tsohon kwano da cokali. An sami madubin a cikin rafi, ido ɗaya ya tsage, ɗayan lafiya lau. Aka ɗauko bencin shago aka kafa a bakin ruwa, aka riƙa karɓa-karɓa. Har mutanen ƙauyen gaba sun zo. Tela ne ya riƙe kundin, yana rubutawa yana karantawa da ƙarfi yadda za a ji a tudu.

“Talata, da hantsi. Wata halitta mai kwat, tana tafiya a duƙe, tana bin birai a baya. Ba ta tsoron wari.”

Mai Kaji ta ce, “Ƙara da cewa tana da mai ita.”

Daga sama Dattijo na zaune a kan dutse da malafa a gefensa, yana kallon mutumin da irin kallon da ake yi wa wanda aka taɓa ganin girmansa.

Matar ta wanke abin da aka kawo da kanta, ba ta yarda da hannun kowa ba. Ta shuka a tsohuwar randa a ƙofar ɗaki. Abubuwa da yawa suka tsiro, ciyayi, da wani abu mai ƙaya, da gwanda biyu. A tsakiyarsu tsiro shida suka fito da ganyen da ta sani tun tana yarinya. Ta zauna a gabansu tana shafa ganyen. Tela kuwa ya sake ɗinka masu gadi bakwai, kowanne da launinsa, ba mai aljihu ko ɗaya, amma sai da aka kwashe sauran sanyin ana gadin lambuna da dutse kafin daji ya manta karatunsa.

Masani ya yi mako biyu bai je benci ba. A na uku ya je, ya zauna a gefe, ya yi shiru har aka fara tausaya masa. Sai ya gyara murya.

“Kun san dai irin da ya bi ta cikin dabba ya fi ƙarfin tsiro. Shida cikin shida suna nan kore shar. In da ban jawo biran nan ba, da wa zai gano wannan hanya?”

Matarsa na wucewa da bokiti a lokacin. Ta tsaya, ta sauke shi a gabansa, ta miƙa masa igiyar guga.

“Gaskiyarka, Malam. Baɗi sai ka haɗiye su da kanka, ka hutar da ƙafafunka hawan tudu.”